Motar Sallau da Kwalbar Mai

Saura kwana uku Tsahara ta fita takaba, ta yi ƙarfin hali ta leƙa kangon da ke bayan ɗakinta, inda motar mijinta take ajiye. Tun ranar da ciwo ya kwantar da Sallau ba ta taka wurin ba. Wata uku yana jinya, ga wata huɗu da 'yan kwanaki na takaba, duk tsawon lokacin motar tana tsaye ita da zafin rana. An dai rufe ta da tamfol, amma iska ta daɗe da yaye shi ta jefar a gindin katanga, kuma babu wanda ya ga ya dace ya tayar wa mai takaba hankali a kan tamfol.

Da ta gan ta sai da ta dafa bango. Motar da duk Ƙonni aka sani da ja, irin jan zoɓon da ba a cika wa ruwa ba, ta koɗe ta yi fari-fari. Baƙar robar gaba da ta baya, wadda direbobi ke kira bamba, da siririyar da ta bi gefen ƙofofi, duk sun yi furfura sun koma launin toka. Tsahara ta shafa murfin injin da tafin hannu, hannun ya fito da jan gari. Sai ta ji kamar yau ne aka fita da gawar.

Shekara ashirin da shida Sallau ya yi yana ɗaukar fasinja tsakanin Ƙonni da Illela ta hanyar Tawa, goma sha huɗu daga ciki da wannan motar. Ba mai gudu ba ne, ba mai surutu ba ne, kai ko rigima aka kawo masa sai ya sosa ƙeya ya ce Allah ya kyauta. Abu ɗaya aka san shi da shi, wato tsabtar mota. Tsohuwa ce, amma in ta shigo tasha sai ka rantse jiya aka sauke ta daga jirgi, musamman robar nan da take baƙa wuluk a garin da rana ke cinye robar kowa cikin shekara biyu. Akwai matan da kan bar motar da ta kusa cika su zauna jiran tasa, wai don kada zanensu ya ɓaci.

To ga shi ranar Juma'a dangi za su taru don fitar takaba. Ɗansu Abdulrazak zai zo daga Tawa ya karɓi makulli ya ci gaba da bin hanyar ubansa, kuma za a fito da motar ƙofar gida a yi mata addu'a, kowa ya gani. Ba kowan ne ya dami Tsahara ba. Mutum ɗaya ce, Hassana, ƙanwar Sallau, wadda za ta zo daga Tsarnawa. Tsahara ta san ba za ta ce komai ba. Za ta dai zagaya motar sau ɗaya, ta dubi robar, ta dubi matar yayanta, kuma wannan kallon ya fi zagi ciwo.

Shekara tara ke nan rabon da su biyun su yi magana ta wuce gaisuwa, kuma a kan man gyaɗa ne. Tsahara sana'arta ke nan tun tana amarya, ta soya gyaɗa, a niƙo, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli. Na sayarwa daban, amma man farko, wanda ke tsatsowa garau kafin a matsa da ƙarfi, wannan takan zuba a wata koriyar kwalba ta ɓoye bayan kwanukan jerenta. Ko 'ya'yanta ba su isa su taɓa ba. A lokacin Hassana na zaune a gidan bayan rasuwar mijinta, tana taya ta aiki. Sai Tsahara ta lura man kwalbar yana raguwa. Ta ɗaura zare a daidai inda man ya tsaya, ta zuba ido. Duk ranar Alhamis sai ta tarar ya sauka da kamar yatsa biyu.

Maimakon ta ja yarinyar ɗaki ta tambaye ta, sai ta bari ranar da maƙwabta suka cika tsakar gida ana ɓarar gyaɗa, ta ɗaga murya ta ce gidan nan an yi ɓera mai hannu biyu, wanda ya iya buɗe kwalba ya mayar da murfi. Ba ta kama suna ba, amma idonta ya kama. Hassana ta ajiye faifan da ke cinyarta ta shiga ɗaki. Kwana biyu bayan haka ta ɗaure kayanta ta koma Tsarnawa wurin dangin uwarsu.

Sallau dai ya yi magana, kada a zalunce shi. Ya same ta tana kwashe ƙuli-ƙuli daga kasko, ya tsaya yana juya hularsa a hannu.

"Tsahara, ki bar yarinyag ga. Ni ka ɗibar man."

"Kai?" Ta ko juyo da matsami a hannu. "Kai da ko ruwan shayi ba ka iya dahwawa? Mi za ka yi da shi?"

"Mota nika..."

"Af! Mota ta koma cin abinci ke nan. Gobe sai in tuƙa mata tuwo. Ruhe mata asiri, Direba, ƙanwarka ta."

Direba take kiransa tun aurensu, don bakinta bai taɓa iya furta sunansa ba. Ya sake gwadawa bayan mako guda, ta sake yi masa dariya, shi kuwa ba mutumin da zai faɗi magana sau uku ba ne. Abin da ya ƙara ɗaure mata gindi shi ne, tun da Hassana ta tafi, man bai sake sauka daga zaren ba. Tsahara ta riƙe wannan a matsayin shaida shekara tara.

Yanzu dai ba ta da lokacin tuna baya. Ta ɗauko wayar marigayin, ta sa aka nemo mata lambar Muttaƙa, mai gyaran fentin mota da ke da rumfa kusa da tasha. Magidanci ne mai kimanin shekara arba'in, ya daɗe da sanin Sallau. Ta gaya masa halin da ake ciki, tana jin nauyi don ta san gobe Laraba ce, ranar kasuwar Ƙonni, ranar da motoci ke yi masa layi.

"Inna, motar Baba Sallau ta hi kasuwa," in ji shi. "Da sahe ina nan tahe."

Ya zo kuwa da hantsi, da injin goge fenti da bokiti da jakar kwalabe ɗaure a bayan babur. Ya durƙusa daga nesa ya yi mata ya haƙuri, ta amsa daga bakin ƙofar kangon inda ta shimfiɗa tabarma, lulluɓe da mayafinta. Da ya ga motar sai da ya zagaya ta sau biyu yana girgiza kai. Daga nan ya kira maƙwabta biyu suka tura ta ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, don a cewarsa ba a goge fenti a rana, ƙarfen in ya yi zafi sai man gogewar ya bushe kafin ya yi aiki.

Ya wanke ta da omo sau biyu, ya tsane ta da tsumma. Ya bi duk gefen robar ya liƙe da farin tef na takarda don kada man ya taɓa ta.

"Za ta dawo kuwa?" Tsahara ta tambaya.

"Hentin bai mutu ba, Inna. Bisanshi ɗai rana ta ƙona. Na ƙwarai yana ƙasa, shina jiran a kai gare shi."

Ya ɗiga farin mai kamar madarar gwangwani a kan soson injin, ya ɗora a murfin gaba, ya kunna. Bai yi gaggawa ba. Wuri kaɗan ya ɗauka, bai fi faɗin faifai ba, ya riƙa bi a hankali, daga hagu zuwa dama, sannan daga sama zuwa ƙasa. Soson ya rine ya yi ja. Da ya kashe injin ya share wurin da tsumma mai laushi, sai ga wani ɗan fili ja jawur a tsakiyar koɗaɗɗen murfin, har ganyen dogon yaro na motsi a cikinsa. Tsahara ta miƙe ba ta sani ba. Wannan jan ne ke tsayawa a ƙofar gida kullum da la'asar, sannan ta ji an rufe ƙofar mota, sannan sallama. Ta koma ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska, Muttaƙa kuma ya yi kamar wayar injin ce ta harɗe masa.

Haka ya wuni, faifai bayan faifai, ba ya tsayawa sai salla. Ta aika masa da fura da rana, ya sha a tsaye. Kafin la'asar sakaliya motar ta koma amarya, ya bi ta da wani man mai ƙamshi wanda ya ce shi zai tsare fentin daga rana. Sai dai jan da ya dawo ya ƙara tona asirin robar, don yanzu furfurarta ta fi fitowa. Ya ce kada ta damu, wannan aikin awa biyu ne, gobe da safe zai gama. Tsahara ta yi ajiyar zuciya, a ranta tana cewa to Hassana sai ki zo.

Ranar Alhamis ya dawo da wata ƙaramar kwalba ta baƙin rini na roba. Ya wanke bambar gaba da burushi, ya bari ta bushe, ya ɗiga rinin a soso ya shafa. Rinin ya ƙi zama. Sai ya riƙa tattaruwa ɗigo-ɗigo kamar ruwa a kaskon da aka gama suya. Muttaƙa ya goge, ya sake wankewa da omo, ya sake shafawa, abin ya sake yin haka. Ya zauna a kan dugadugansa yana kallon robar.

"Ikon Allah. Inna, robag ga ta sha wani abu. Ba jiya ba, ba bara ba, ta daɗe tana sha."

"Mi ta sha?"

"Bari mu tambaye ta."

Ya ciro wata na'ura mai hura iska mai zafi, ya riƙa kaɗa bakinta a kan robar daga ɗan nesa. Can sai robar ta fara gumi, wani maiƙo yana tsatsowa yana ƙyalli. Iska ta kwaso warin ta kai bakin ƙofa.

Tsahara ba ta buƙaci a gaya mata ba. Macen da ta shekara talatin a kan kasko, ko cikin barci aka gifta mata da wannan ta san shi. Ya tsufa, ya yi ɗan ɗaci, amma shi ne.

Muttaƙa ya dangwala yatsa ya shinshina, sai ya fashe da dariya har yana buga cinya. "Man gyaɗa! Wallahi man gyaɗa ne! Ashe asirin ke nan. Inna, direbobi sun yi tambaya har sun gaji. Su baƙin man inji suka shahwawa, shi yi wari, shi kwashi ƙasa, kwana biyu shi koma toka. Shi ko Baba Sallau kowace Alhamis in ya sauke hwasinja Illela, sai shi ja mota bayan kasuwa shi kaɗai, shi dawo tana walƙiya. In an tambaya shi ce wanki ne. Kai, tsohon ga!"

Ya juyo don su yi dariyar tare, sai ya ga ba dariya take ba.

Kowace Alhamis. Yatsa biyu. Tsahara ta ga Sallau tsaye a bakin murhu yana juya hula, yana cewa mota nika, ita kuma ta datse masa magana da tuwo. Gaskiya ya kawo mata har sau biyu, ta mayar da shi abin dariya. Kuma ta san dalilin da ya sa ya ɗiba a ɓoye, don da ya roƙa da ta ce abinci ba na shafa wa roba ba ne, ta kuma yi masa wa'azi a kai. Sannan ta ga Hassana tana ajiye faifai a gaban matan unguwa. Yarinyar da ta zo gidan da sabon rashi, ba ta da inda ya fi nan, aka kira ta ɓarauniya a kan abin da ba ta taɓa ba. Kunya ta kama Tsahara, irin wadda ba ta taɓa ji ba, ga kewar mijinta ta taso ta haɗu da ita, ta rasa wanne za ta fara yi wa kuka.

Abu ɗaya ya rage da ba ta gane ba. In shi ne, me ya sa man ya daina sauka? Ta ce a ranta wataƙila kasuwa ya koma saye, yana da mai matsar mai a gida. Wannan ma ya yi mata ciwo.

"Kada ki damu, Inna," in ji Muttaƙa a hankali, don ya zaci aikin ne ya tayar mata da hankali. "In na bi ta da zahi da omo sau huɗu ko biyar, man zai hita, rinin shi kama. Kahin azahar kin ga baƙi wanda zai shekara."

Abin da ta kira shi ya yi ke nan. Awa uku kacal, kuma gobe babu wanda zai sami abin kallo. Tsahara ta daɗe tana duban robar.

"Bar ta hakanan, Muttaƙa."

"Inna? Gobe hwa mutane..."

"Na sani. Ka yi naka, Allah shi yi maka albarka. Wanga ba aikinka ba ne, kuma ban son a hidda mata abin da ya ba ta."

Bai gane duka ba, amma ya gane ya isa. Ya kwashe tef ɗinsa, ya naɗe waya, ya yi mata sallama.

Da azahar ta hura wuta, karo na farko tun rasuwar. Ta soya gyaɗa tiya biyu, ta aika aka niƙo, ta zauna ta murza da hannunta har man farko ya taso. Ta ɗauko koriyar kwalbar, zaren nan yana ɗaure a jikinta har yau, ya yi baƙi don tsufa. Ta tsinke shi ta jefa a wuta, ta cika kwalbar.

Ranar Juma'a da hantsi gida ya cika. Tsahara ta yi wanka ta sa sabon zane, an yi addu'a, an raba waina. Abdulrazak ya tayar da motar ya fito da ita ƙofar gida, maza suka yi ta kabbara da ganin jan. Sai dai kowa in idonsa ya sauka kan bambar sai ya ɗan yi shiru, don ga jiki na walƙiya ga baki da furfura.

Hassana ta iso a makare. Ta rame, ita ma furfurar ta fara leƙowa ta gefen kallabinta. Ta yi gaisuwar da aka saba, "Sannu da hita, matar Yaya," sannan ta yi daidai abin da Tsahara ta sani za ta yi. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta tsaya a gaban robar, ta ɗago ido.

Tsahara ta fito har bakin zaure riƙe da kwalbar. Matan unguwa na bayanta, da yawansu su ne dai na ranar ɓarar gyaɗa, kuma da gangan ta jira sai da suka taru.

"Hassana," ta ce, ta ɗaga murya. "Gaban matan ga nis sa miki sata, gabansu zan wanke ki. Ba ke ka ɗibar man ba. Direba na, motag ga shika shahwa ma. Ya hwaɗa mini, ni ƙi ji. Jiya nig gane. Ki yahe mini don Allah."

Hassana ta sauke jakar da ke kafaɗarta, ta tsuguna, ta kwance bakinta. Ta ciro wata 'yar kwalbar magani cike da mai, da tsumma biyu a naɗe.

"Na sani, Yaya," in ji ta. "Tun da nit tashi, ni ka ba shi. Kowace Alhamis in za shi Illela sai shi tsaya Tsarnawa, in miƙa mishi ta taga. Ya ce ya rantse ba shi ƙara taɓa naki man."

"Kin sani, ba ki hwaɗa mini ba?"

"Mijinki ya hwaɗa ba ki yarda ba, ni za ki yarda da ni?" Ta juya 'yar kwalbar a hannunta. "Jiya da sahe ni cika ta, ni hito bakin hanya. Sai da nit tsaya sannan nit tuna."

Nan fa Tsahara ta kasa. Ta durƙusa a ƙasa da sabon zanenta ta rungume ta, suka yi kukan da ya kamata su yi tare tun ranar jana'iza. Matan suka bar su, wasu na share nasu idon da bakin mayafi.

Hassana ce ta fara janyewa. Ta miƙa mata tsumma ɗaya. "Kaɗan aka ɗigawa. A shahwa da wanga, a bari shi sha, sannan a goge da busasshe har shi bar maiƙo, in ba haka ba ƙasa ta kama. Hakanan ya gwada mini."

Tsahara ta ɗauki ɓangaren hagu da man kwalbarta, Hassana ta ɗauki dama da nata. Duk inda tsumma ya bi, tokar sai ta kau, baƙin ya fito, kamar robar ta daɗe da ƙishirwa. Abdulrazak ya matso zai karɓa, wata tsohuwa ta riƙe masa hannun riga. Suna gogawa suna matsowa, har kafaɗunsu suka haɗu a daidai lambar motar. Tsahara ta ja hanci, ta kama tsumman Hassana ta shinshina.

"Har yanzu kina ƙona gyaɗa wurin suya."

Hassana ta yi dariya da hawaye a fuska. "Shekara tara ban da mai yi mini hwaɗa, Yaya."

"To kin samu. Ba ki komawa Tsarnawa yau." Ta ɗiga mai a tsummanta, ta miƙe tana dafa gwiwa. "Taso, saura ta baya."